Kirarin Jikan Jalo

Miri, ranar Alhamis

Zuwa ga ƙanwata Hajiya Habibatu, a GRA.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida yara da jikoki, da gwiwar nan taki da ba ta son a hau bene. Mu nan lafiya, sai abin da ba a rasa ba.

Kada ki yi mamakin ganin takarda a hannun A'i mai nono. Na daina waya. Na naɗe tawa a tsumma na cusa ta cikin rumbu, can ƙasan dawa, domin waya ce ta jawo mini abin da zan gaya miki.

Kin san Ɗanlarai na Tirwun, abokin farautata tun muna samari. Ranar Asabar aka yi sunan jikansa, ya gayyato makaɗan mafarauta. Ina zaune ina cin shinkafata ban tsokani kowa ba, sai makaɗin ya hango ni, ya saki taken gidanmu. Habiba, ke ma jinin kakanmu Jalo ce, kin san abin da taken nan yake yi wa mutum. Ban san lokacin da na ajiye kwano ba. Sai dai na gan ni a tsakiyar fili, gora a hannu, ina kirari. Ashe duk wayoyin wurin ni suke kallo.

Jiya da hantsi sai ga mota a ƙofar gidana, maza biyu da mace ɗaya, daga ofishin masu kula da namun daji. Suka nuna mini kaina a waya ina tsalle kamar ba ni ne mai ciwon baya ba. Wai duniya ta gani, wai na faɗa da bakina ina farautar dila da karnuka, alhali an yi sanarwar hana farautar gayya, ni kuma ba ni da lasisi. Na ce rabona da farauta tun kafin sanarwar, ina ma dilan yake? Inda muke tayar da shi a da, yanzu gidajen bulo ne. Suka ce in je in faɗi haka a ofis.

Ni ba su taɓa ni ba, alhamdu lillahi, macen ma har ƙasa ta durƙusa ta gaishe ni. Amma sun tafi da karnukana duka uku, Barsu da Wayasani da tsohuwar, Tafisu. Wai shaida ne. In aka same ni da laifi ba za su dawo ba. Ban tambayi inda ake kai karen da ba ya dawowa ba, don ba na son jin amsar.

Tafisu ba ta cin abinci a hannun kowa sai nawa. Wannan ne ya hana ni sukuni.

Ke kika yi boko har kika riƙe makaranta. Ki gaya mini yadda ake yi.

Yayanki,
Hammajoda

*

GRA, Juma'a

Hamma,

Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana. Takardarka ta iso, har ta ɗanɗani kindirmo a gefe guda. Da na karanta na kai inda ka ce kai ba su taɓa ka ba, sai da na ajiye ta na yi hamdala. Kare dai kare ne, yaya kuwa ɗaya gare ni.

Ai ba sai ka ba ni labari ba, na riga ka ganin kanka. An turo mini hoton ya fi a ƙirga. Matan unguwarmu suna tambayata ko gaske yayana ne, na ce musu kama ce. Baki shi ke yanka wuya, Hamma. Ga abin da ka ce, na rubuto maka tunda kai ba ka tsaya ka ji kanka ba:

Sai ni jikan Jalo, gorar da ba ta kwana a ɗaki!
Ni na tayar da dila a bayan Bariki,
Bature bisa doki yana tambayar inda na bi.
Ni na bi yanyawa har ƙofar raminta na yi sallama.
Ni na raba ruwan kwari da kura, na sha na bar mata saura.
Ni na sauko da damisa daga kan dutse, fatarta ta zama shimfiɗar sarki.

Daga nan kiɗa ya danne muryarka, bakinka kawai ake gani yana motsi. Wanda ya sa hoton kuma ya rubuta a ƙasa, "Tsoho mai farautar dila a GRA." Ai da gaskiyarsa, Bariki ita ce GRA, bayan Bariki kuwa nan ne daidai inda gidana yake. Na zagaya bayan gidan in ga dilan, ban tarar da komai ba sai janareta da igiyar shanya.

Na buga waya ofishin. Macen da ta durƙusa maka Jemima ce, 'yar Bogoro, ɗalibata ce a firamare, ni na riƙe hannunta ta koyi rubutu. Ta ce abin mai sauƙi ne. Za ka je ka sa hannu a takarda cewa abin da ka faɗa a wurin sunan ba gaskiya ba ne, a miƙo maka karnukanka. Da na ji haka hankalina ya kwanta, har na ci abincin rana. Ka je gobe-goben nan, ko Litinin in ba sa buɗewa.

Na ba ɗana Abdulrauf labarin da ya kira daga Ingila. Ya yi dariya har da tari. Ya ce su kansu Turawan da kakanmu ya koya a wurinsu, doka ta hana su korar yanyawa da karnuka a ƙasarsu tuntuni. Yanzu wai tsumma ake shafa wa wari a ja shi cikin daji, karnuka su bi tsumma, mahaya su bi karnuka. Masu abu sun haƙura, kai ɗan aro ka ce sai ka yi.

Ka gaida mutanen gida. Ka kuma tono wayarka kafin ɓera ya riga ka.

Ƙanwarka,
Habibatu

*

Miri, Talata

Habiba,

Salamu alaikum. Ina fata gwiwa ta yi sauƙi. Bakin dai na ga lafiyarsa ƙalau.

Na je ofis jiya. Na karanta takardar sau biyu, na mayar musu da bironsu.

Da farko ki janye maganar ɗan aro. Ba Turawa suka koya wa Jalo kare ba. Ya shigo Bauchi ba shi da ko saniya ɗaya, annoba ta share garken. Wani Baturen Bariki ya ga yadda karen kiwonsa ke bin fitonsa, ya ɗauke shi ya kula masa da karnukansa masu dogayen kunnuwa, waɗanda aka kawo ta jirgin ruwa. A ƙasarsu wata jar yanyawa suke kora, nan ba su same ta ba, suka koma wa dila. Mahaifinmu Baffa yakan ce sai su sa jajayen riguna cikin zafin nan, su busa ƙaho, su yi ta sukuwa tun safe, in an kama dilan kuma ba mai ci, wutsiya kawai suke yankewa. Jalo bai gane wannan ba har ya koma ga Allah. Amma shi ne a gaba, a ƙasa, ba takalmi, su suna baya a kan dawakai. Bayan sun tafi ya shiga cikin mafarautan gari, suka karɓe shi, makaɗa suka yanka masa take.

Ga abin da ba a koya muku a makaranta ba. Kirari gado ne. Uba ya bar wa ɗa, ɗa ya faɗe shi da "ni", ba ya cewa "kakana", sa'an nan ya ƙara nasa guda ɗaya a ƙarshe. Da na ce ni na tayar da dila a bayan Bariki, Jalo ne yake magana da bakina. Damisar kuma ta Baffa ce. Takardarsu ta ce in rubuta cewa ƙarya ne. Wa zan ƙaryata, Jalo ko Baffa? Mafaraucin da ya haɗiye kirarinsa, makaɗi ba ya ƙara kaɗa taken gidansu, ko a suna ko a biki. Na yi wa wani mai farar riga wannan bayanin, ya ce shi abin da ya sani "ni" tana nufin "ni".

Wai karnuka su bi tsumma. Ki gaya wa Abdulrauf cewa ko Barsu, da shi ne wawan cikinsu, ba zai yarda da wannan cin mutuncin ba.

Abu ɗaya ya yi daɗi. Ɗalibar taki ta bar ni na zagaya inda suka kulle karnukan. Na tafi da tuwo a kwano. Mazan biyu suna cin abin da aka ba su, marasa kunya. Tafisu kuwa tun da aka kawo ta ruwa kawai take sha, haƙarƙarinta duk a waje. Na tsuguna na gutsura mata, ta ci, ta ci, ta lashe kwanon. Wallahi Habiba sai da na ji kamar an sauke mini buhu daga ka. Jemima ta ce in riƙa zuwa kullum. Amma da na juya zan tafi, tsohuwar ta yi wani kuka da ban taɓa jin ta yi ba, ban iya waiwayawa ba.

Sun ce in ban sa hannu ba, kotu. Ba zan sa ba. Kada ki ɓata takardarki.

Yayanki,
Hammajoda

*

GRA, Laraba

'Yata Jemima,

Ina gaishe ki da aiki, ina gaida maigidan da yara. Na zaɓi in rubuto ne don in haɗo miki da wasiƙar yayana, ki karanta da idonki. Ki yi haƙuri da rubutun, a yaƙi da jahilci ya koya, kuma da alama jahilcin bai ji jiki sosai ba.

Ba roƙonki nake ki karya doka ba. Ni na koya miki kada ki kwafi amsar wani, ba zan zo da furfurata in ce ki yi maguɗi ba. Amma na san mutumin nan tun ina goye. Taurin kansa ya fi dutsen da ke bayan Miri. Ba zai sa hannu ba, za a kai shi kotu, zai tsaya gaban alƙali ya maimaita kirarin daga farko, ƙila har da tsalle. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa suna Legas da Kaduna. Karnukan nan su ne suke raka shi gona, su ne yake yi wa faɗa da safe. Na sha yi masa tsiya a kansu, amma ina tsoron ranar da zai farka ba su.

Ki duba ko akwai wata ƙofa da mutum zai bi ya fita ba tare da ya sunkuya ba.

Malamarki,
Habibatu

*

Bauchi, Alhamis

Malama,

Gaisuwa da ladabi. Na sami saƙonki, na kuma karanta wasiƙar Baba har ƙarshe.

Bari in faɗa miki inda maganar take. Dokar namun daji ta ce ba a farauta sai da lasisi, akwai kuma dabbobin da ko da lasisi ba a taɓa su, damisa na ciki. Ga sanarwar hana farautar gayya, saboda faɗace-faɗacen da ake yi da gonakin da ake tattakewa. Hoton Baba ya zagaya sosai, an kira Ogan ofishinmu daga sama an tambaye shi me yake yi a kai. Ba zai rufe fayil haka kawai ba, ni ma ba ni da ikon buɗe kejin.

Amma wasiƙar ta tuna mini da kakana a ƙauye. Shi ma maharbi ne, yana da irin wannan kirarin da yarenmu. Muna yara mun ɗauka shi ya kashe ɓaunar da yake faɗa, sai da ya rasu muka ji ta kakansa ce. Don haka na je wurin Oga na ce a bar maganar sa hannu. Ranar Litinin Baba ya zo ya yi kirarinsa cikakke a gabanmu. Duk layin da ya faɗa zan tambaye shi, "Wannan na wane ne?" Ba wanda zai ce masa ya ce ƙarya ne. Oga ya yarda.

Sai dai akwai inda nake jin tsoro. Layin ƙarshe nasa ne, kuma shi ne kiɗa ya danne a hoton. Ba wanda ya san abin da ya ce. In ya ambaci wata dabba da doka ta kare, a gaban Oga, da bakinsa, hannuna ya fita. Ki tambaye shi tun yanzu.

Ina roƙonki kada ki zo ranar. In aka gan ki, za a ce don ke na yi.

Ɗalibarki,
Jemima

*

GRA, Juma'a

Hamma,

Salamu alaikum. An samo maka ƙofa, saura kai ka bi ta kamar mutum. Litinin za ka je ka yi kirarinka, ba sa hannu, ba cewa ƙarya. Jemima za ta tambaye ka na wane ne, ka ba ta amsa. Ko taurin kanka bai isa ya ƙi wannan ba.

Yanzu ka gaya mini naka. Mene ne ka ƙara a ƙarshe? Na tuna shekarar da kuka yi wata guda a dawa kai da Ɗanlarai, kuka dawo kuna ƙus-ƙus, Inna ta hana mu tambaya. In wani abu ne mai haure ko mai ƙaho, ka faɗa mini tun da sauran lokaci mu san abin yi. Abincin kirki ya gagare ni tun jiya. Ka ji tausayin hawan jinina.

Habibatu

*

Miri, Asabar

Habiba,

Wa alaikumus salam. Na yarda da Litinin. Allah ya yi wa yarinyar albarka.

Nawa kuma ba zan rubuta ba. Ba a zuba kirari a takarda a aika ta hannun mai nono. Shekarar da kike faɗa, zazzaɓi ne ya kwantar da Ɗanlarai, muka ji kunyar a sani. Ki ci abincinki.

Hammajoda

*

Bauchi, Litinin da yamma

Malama,

Gaisuwa mai yawa. Ki kwantar da hankalinki, ki sha maganinki, sa'an nan ki karanta a hankali. An gama lafiya.

Baba ya zo da sassafe, shi da abokinsa Ɗanlarai da wani tsohon makaɗi. Oga ya ce ganga ba ta shiga ofis. Baba ya ce kirari ba ya fita a bushe. Aka raba gardama, aka fito da kujeru gindin mangwaron da ke harabarmu. Kafin makaɗin ya gama ɗaure gangarsa, duk ma'aikata sun bar teburansu, har mai shayin bakin ƙofa.

Ya fara. Da ya kai dilan bayan Bariki na ɗaga hannu, kiɗa ya tsaya. Na ce, "Baba, wannan na wane ne?"

Ya ce, "Na Jalo ne, kakana."

Oga ya ce, "Wace shekara?"

Ya ce, "Shekarar da Baturen ya faɗo daga doki a cikin kwari, ranka ya daɗe. Ba a rubuta ba."

Yanyawa da kura ma na Jalo ne. Damisa ta mahaifinku ce, tun kafin a sami 'yancin kai. Ina rubutawa, ina jin numfashina yana dawowa. Sai makaɗin ya canza hannu don layin ƙarshe. Baba ya ɗaga gorarsa, ya buɗe baki, ya tsaya. Makaɗin ya sake kawo masa, ya sake tsayawa. Malama, na ce a raina shi ke nan, giwa ce.

Oga ya ce, "Baba, muna jinka."

Ya ce, "Wannan nawa ne. Ba zan iya faɗarsa ba sai karnukana suna gefena."

Oga ya tambaye shi dalili. Ya ce, "In na faɗa ba su, to na yi ƙaryar da kuke nema in sa wa hannu."

Oga ya ce a kawo su a ɗaure, kuma kada kowa ya ce an sake su. Aka kawo. Barsu da Wayasani suka kusa kayar da shi don murna. Tsohuwar ta zo a hankali ta zauna a gefen ƙafarsa. Ya tattara igiyoyin a hannun hagu, ya ɗaga gora da dama, ya ce:

Ni Hammajoda, ban taɓa shiga gida na bar karena a waje ba.
Da su na fita, da su nake dawowa!

Shi ke nan layin. Ba haure, ba ƙaho. Ya sauke gorar ya dubi Oga, ya ce da murya ƙasa-ƙasa, "Kakana ya kori dila, ubana ya kashe damisa. Ni lokacin da na taso dawan ya fara ƙarewa. Abin da na samu na yi ke nan, kuma ban taɓa saɓa shi ba sai da motarku ta zo."

Ɗanlarai ya juya baya yana goge ido da hularsa. Ni ma na yi ta kallon takardata. Oga ya karɓi fayil ɗin ya rubuta cewa magana ce ta gado, ba shaidar farauta ba, ya rufe. Ya gindaya sharaɗi: a yi wa karnukan allurar haukan kare, a yi musu kati, kuma ba farauta. Baba ya ce wannan zai sa wa hannu, ya kuma sa. Da likitan dabbobi ya zo da allura, Baba ne ya rufe ido, ba karnukan ba.

Na so in kai su gida a motar ofis, ya ce motar da ta ɗauke su ba za ta mayar da su ba. Da ƙafa suka tafi.

Na gode da kika aiko mini da wasiƙarsa. Ubangiji ya ƙara miki lafiya.

Ɗalibarki,
Jemima

*

Miri, Talata

Habiba,

Salamu alaikum. Mun iso gida jiya kafin magariba, mu huɗu. Mun tsaya hutawa a hanya saboda tsohuwar, ko kuma saboda ni, ba mu tantance ba.

Yanzu kowannensu yana da kati mai hatimi, har da Barsu. Ki yi wa Jemima godiya, na ba A'i zabi biyu ta kai mata, in doka ba ta hana ba. In ta hana, ki soya ki ci.

Na yi barcin da rabona da irinsa tun ranar da motar nan ta zo, sai da rana ta tashe ni. Ki yi haƙuri da gajartar takardar. Ina rubutu ne a kan gwiwa, Tafisu ta ɗora kanta a kan ƙafata tana barci. Ƙafar ta mutu tun ɗazu, ban janye ba.

Wassalam.

Yayanki,
Hammajoda